Katangar Da Ta Ƙi Zama Kufai

Mun taso muna jin manya na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, har mu ma muka riƙa maimaita wa ɗalibanmu haka a aji. To, amma labarin wata guntuwar katanga da ke birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka ya sa mun fara shakkar wannan karin magana.

A can ne aka gina filin wasa na Forbes Field a shekarar 1909, domin wasan besbol, wato wasan nan da ake jefo ƙwallo wani ya make ta da gora ya sheƙa a guje. Ƙungiyar Pirates ta yi shekara 61 tana wasa a cikinsa. A 1970 ta ƙaura, a 1971 aka rushe filin, jami'ar garin ta yi gine-ginenta a wurin.

Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Akwai wani yanki na katangar jan bulo, wanda har yau ake ganin lamba 457 a jikinsa, wato nisan ƙafa daga inda mai bugu ke tsayawa. Akwai sandar tuta. Sannan akwai farar robar nan mai kusurwa biyar da mai bugu ke tsayawa a gefenta, an rufe ta da gilashi a daɓen wani ginin jami'ar, ɗalibai na ratsawa ta kanta za su lacca.

Ba wannan ne ya taɓa mana zuciya ba. Ran 13 ga Oktoba, 1960, a wasan ƙarshe na cin kofi, Bill Mazeroski ya buga ƙwallo ta tsallake katangar filin, Pirates ta ci Yankees 10 da 9. A 1985 wani bawan Allah ya zo gindin katangar shi kaɗai da kaset ɗin sharhin wasan na rediyo, ya zauna ya saurara. Sannu a hankali abin ya zama al'ada. Duk shekara ran 13 ga Oktoba mutane kan taru, su saurari wasan da kowa ya san ƙarshensa, in an zo bugun nan su ɓarke da sowa kamar yau aka yi shi.

Allah Sarki! Mu da muke da ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya soma ginawa sama da shekara 800 da suka wuce, muna gani ana yaƙutar ta ana kafa shaguna. Ɗalibanmu kan bi ta gefenta kullum, amma ba mu taɓa tsayar da su mun ba su labarinta ba.

Ashe ba bulo ke riƙe katanga ba, masu komowa gindinta ne. Zangon karatu mai zuwa, in Allah ya yarda, darasinmu na farko a gindin ganuwa za mu yi shi.