Ƙullin Da Ba Ya Ganin Rana

Akwai wata irin fatsa da ake yi a teku, musamman a Fulorida ta Amurka da tsibiran Bahamas, wadda ba a sa mata koto. Ƙugiya ce ake yi wa ado da gashin tsuntsu har ta yi kama da ɗan kifi ko jatan lande. Da yake ba ta da nauyin da za a wurga ta, sai aka mai da nauyin a kan igiyar: zare ne aka lulluɓe da roba, tsawonsa kamar yadi 30. To, yadi 30 kuwa ba komai ba ne wurin kifin teku. Saboda haka akan fara naɗe wani siririn kirtani, yadi 200 ko 300, a jikin kwarkwaro, sa'an nan a ɗaura igiyar a bakinsa.

Wannan mahaɗa ita ce ta fi ɗaukar hankalina tun da na soma koyon abin a Ikko, a hannun wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. Mutum yakan yi wata da watanni bai sa ta a ido ba, tana can binne cikin kwarkwaro. Ba ta fitowa sai ran da babban kifi ya kwashe igiyar duka ya nausa, watau daidai lokacin da babu halin gyara. Ga misali tarfon, mai ɓawo kamar azurfa, wanda ake samu a gaɓar Afirka ta Yamma. Wanda aka kama a Gini Bisau a 2003 ya kai kilo 130. In ƙullin ya kwance, ba asarar igiya mai tsada kaɗai aka yi ba. Kifin zai tafi yana jan yadi 30 na roba a bakinsa.

Masu fatsa a rafi sun saba da ƙullin ƙusa, wanda ake naɗa kirtani bisa igiya da taimakon ƙusa. Siriri ne, yana wuce zobban sandar fatsa sumul. Amma fa robar kawai ya riƙe, in aka ja da ƙarfi sai ya saɓule ta kamar an feɗe maciji.

Ƙullin Albright ya fi shi, sunan Jimmy Albright ya ci, wani jagoran masu fatsa a Fulorida. Ana lanƙwasa bakin igiyar ne, a naɗe kirtani a kai sau 10 ko 12, don haka ya kama har zaren ciki. Aibinsa kauri, yakan yi karo da zobba lokacin da kifi ke gudu, kuma in za a sauya igiya sai an yanke.

Ni dai murɗin Bimini na zaɓa, mai sunan tsibiran Bimini na Bahamas. A ninka kirtani biyu, a murɗa sau 20 ko fiye, a buɗa ƙafafu da ninkin a gwiwa har bakin kirtanin ya koma ya naɗe murɗin da kansa, sa'an nan a ƙulle. Wanda ya taɓa ganin ana tufka ba zai yi baƙunta ba. Abin da yake bari kunne ne babba, wanda kwarkwaro zai ratsa, sai a sarƙa shi da kunnen da ke bakin igiyar. Kusan duk ƙarfin kirtanin yana nan, alhali yawancin ƙulli rage shi suke yi. Kirtanin zamani mai santsi yana son ƙarin murɗi, a kuma ninka kunnen don kada ya yanka igiyar.

Dattijon nan ba ya yarda da ƙulli don kyansa. In na gama sai ya rataya kunnen a ƙarfen ƙofa, ya naɗe ɗaya gefen a guntun itace, ya jingina da baya da dukan nauyinsa.