Tsumma ba murfi ba ne

Yau maganata a kan ƙaramin abu take, wanda bai fi cikin tafin hannu ba. Shi ne murfin tankin mota, wanda makanikai ke ce wa bushon.

Duk mai cin kasuwar Mirya ran Lahadi, ko kasuwar Dole ta Damagaram ran Alhamis, ya duba motocin ƙauye da kyau. Zai ga wata an toshe bakin tankinta da tsumma. Wata da leda aka ɗaure da roba. Wata ma da totuwar masara. Mu kuwa sai mu hau, da buhunan gero da awaki da yara, ba mai cewa uffan.

Mu uku muka haɗa kuɗi, ni da ƙannena biyu, muka sayi tsohuwar Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya. Ita ke kai mana kayan lambu birni. Ƙaramin cikinmu ke tuƙi. Wata rana yaron wani gidan mai ya zuba masa mai, ya aza murfin bisa mota, ya manta. Kafin ya iso gida murfi ya faɗi a hanya. Sai ya yage tsohuwar riga ya cusa. Ya ce mini: "Yaya, ai kowa haka yake yi." Na ce masa motar ba za ta ƙara ɗaukar mutum ba sai da murfi. Ga dalilina.

Na farko, man fetur ba ya zama wuri ɗaya. Ku zuba kaɗan cikin marfin kwalba ku aje a rana, ku dawo ku gani. Ya tafi. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce awo 40. Tankin da ba a rufe ba, rana na sha, ramukan hanya na zubarwa. A watan Yuli 2024 gwamnati ta saukar da kuɗin lita zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Kowa ya san kwano nawa na gero ke kawo dala ɗari. Tun 2011 ake tace mai a ƙasarmu ta Damagaram, a matatar SORAZ da ke hanyar Tanut, amma ba kyauta ake raba shi ba. Kuma buhun da mai ya fantsamar wa, ba mai sayensa, ba mai cin tuwonsa.

Na biyu shi ne abin da ke shiga. Da hunturu ƙura ke ratsa tsumma. Da damina ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta ƙasan tanki ya kawo tsatsa. Rairayi da tsatsa da zaren tsumma su bi bututu, su toshe matacin mai, su toshe karbirato. Mota ta kama tari, ta mutu tsakiyar daji, mai haƙuri na ciki ana son kai shi likita. In mai shan gazuwal ce, abin ya fi muni, don famfon manta ba ya jure datti, gyaransa kuwa sai an sayar da sa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na uku, wuta. Tsumman da ya jiƙe da mai lagwani ne, ba shi da bambanci da na fitila. Kuma tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi kamar maciji, har ya iske murhu ko guntun taba. A watan Mayu 2019, a Yamai, kusa da filin jirgin sama, tankar mai ta faɗi, mutane suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Tankin 404 bai kai wannan ba, amma ya isa ya cinye rumbu da danga.

To, canza murfi ba ya son makanike. Mutum na yi a ƙofar gidansa. Wuyar aikin wajen saye take, don murfi iri-iri ne, ko da sun yi kama a ido.

Na tafi wurin masu sayar da kayan mota a birni. Na sami wani dattijo, muka gaisa. Na ce: "Baba, murfin tanki nake so." Ya ce: "Na wace mota, ɗana? Mai numfashi ko marar numfashi?" Ya ɗauko guda biyu ya aza a tafin hannuna, ya yi mini bayani.

Ga yadda abin yake. In mai na fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. Ku tuna da gora: in aka kife ta aka toshe, ruwa ba ya zuba daidai sai iska ta samu hanya. Da yawa cikin tsofaffin motoci, ta murfi tankinsu ke numfashi. Akwai ɗan rami a jikinsa, kamar na allura. In aka sa musu murfin da ba rami, mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiya kaɗan, sannan ta rasa ƙarfi ta tsaya. Sai a zargi karbirato, a zargi ƴan ruwa-ruwa da suka sayar da mai, alhali murfi ne. Haka injin ban ruwa na lambu yake, haka babur da yawa. Masu lambu a Gidimuni, in injinku na mutuwa bayan ɗan lokaci, ku fara duba ramin murfi ko laka ta toshe shi, kafin ku kwance kome.

Motocin baya-bayan nan kuwa, waɗanda ake kawowa daga Turai da Amurka, an yi musu wata hanyar numfashi daban. Murfinsu dole ya kama gam. In ya yi sako-sako, wasu har fitila suke kunnawa gaban direba. Saboda haka kada a huda irin wannan murfi da ƙusa. In tsohon murfi na nan, a tafi da shi kasuwa. In ya ɓata, a faɗi sunan mota da irinta, ko a je da motar a gwada. A kuma duba robar da ke cikinsa. In ta bushe ta tsattsage, a bar masa kayansa, ko da ya rage kuɗi. Ni na fi son tsohon murfi na asali mai kyakkyawar roba bisa sabon da ke walƙiya amma ba nauyi. Akwai kuma mai makulli, saboda masu zuƙe mai da dare. Yana da kyau, sai dai a aje makulli na biyu a gida.

Da safe muka yi aikin, kafin rana ta yi zafi. Muka tura mota waje, nesa da madafa, inji a kashe. Na kori yara, na hana maƙwabcina kusantowa da tabarsa. Kafin a cire tsumma, sai da muka share kewayen bakin tanki da ƙyalle mai damshi. Wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa. In aka fizge tsumma haka nan, duk rairayin da ya taru ciki yake faɗawa. Muka zare shi sannu a hankali, muka tsince zare, muka goge bakin. Ba a kankarar tsatsa da wuƙa a nan, don garin ƙarfe na faɗawa ciki.

Murfin namu mai kunne biyu ne. A daidaita kunnuwan da gurbinsu, a danna, a juya wajen dama har ya tsaya. Na sababbin motoci murɗa shi ake yi, har a ji ya yi ƙas-ƙas. In ya ƙi shiga, kada a sa ƙarfi ko guduma, ba nasa ba ne. Ƙanena ya zagaya da motar har bakin kwalta ya dawo. Muka buɗe muka saurara. A tsohuwar mota, in aka ji tanki ya ja iska da ƙarfi, murfin ba ya numfashi, sai a mayar. Namu shiru.

Tsumman kuwa ban bari ya shiga gida ba, don kada mata su ɗauka su hura wuta da shi. Rami muka gina bayan gari muka turbuɗe shi. Sannan muka sami ƴar sarƙa wurin maƙeri, muka ɗaura kai ɗaya a hannun murfin, ba tare da mun huda shi ba, ɗaya kan a jikin mota. Yanzu ko an manta ba a rufe ba, lilo yake yana bugun ƙarfe, direba na ji ya tsaya.