Ta Ina Kayan Nan Suka Biyo?

Cikin biranen da Bahaushe yake kai kaya, Yamai ƙanwa ce ta baya-baya. Lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, babu wani gari mai suna a inda Yamai take zaune yau. Ko a 1853, da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo ƙetare kogin Kwara, a Sayi ya ƙetare, domin a zamanin can ne mashigi, can ne malamai da 'yan kasuwa suke. Sai a 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram suka ajiye ta a Yamai dindindin. Ginin Babbar Kasuwar Yamai kuwa na 1987 ne. Da yawa daga masu shaguna a cikinta sun girme shi.

Ni ɗan cikin birnin Kano ne, lungunan Kurmi na taso ina ratsawa. Bakano kuwa duk kasuwar da ya shiga da mudunsa yake shiga, yana aunawa a zuci yana cewa ai tamu ta girme ta. Gaskiya ne ta girme ta. Amma zirga-zirgata a Babbar Kasuwa ta koya mini cewa tambayar shekaru ba ta kai mutum ko'ina. Tambayar da take buɗe bakin ɗan kasuwa, ta buɗe tarihin gari gaba ɗaya, ita ce a ɗaga haja a ce: ta ina wannan ta biyo?

Zabarmawa suna kiran kasuwar Habu Bene. Katanga ce doguwa mai launin jar ƙasa ta kewaye ta, da manyan ƙofofi, an yi ginin da siminti amma an ba shi fasalin ginin gargajiya. A ciki shaguna ne dubbai, layi bayan layi. A waje kuma wata kasuwar ce ta masu tebur da masu baro da masu talla a ka, har sun ci rabin titi. Kunne yana jin Zabarmanci da Hausa da Faransanci a cikin ciniki guda, ga Buzu da rawaninsa, ga Bafulatana, ga Bayarbiya da ta kwana biyu a garin har Zabarmanci ya zauna mata a baki. Baƙo daga Najeriya sai ya nutsu wajen lissafi, don da dala ake ƙirga: tamma ɗari ta sefa dala ashirin ce, ɗari biyar dala ɗari, dubu kuma jika. Da zarar an wuce wannan, sauran duk na gida ne. Ka taya, a ce albarka. Ka ƙara, a ce ba ta kai ba. Ka yi kamar za ka tafi, a kira ka a sallama.

A layin 'yan atamfa na fi zama, a shagon wani dattijo mutumin Adar da wani abokina ya haɗa ni da shi. Bayan an sha shayi na ɗaga wata atamfa na ce, "Alhaji, wannan ta ina ta biyo?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ta fi ka yawo." Sai ya shiga zayyanawa. Wata daga Sin aka buga ta, wata ta kamfanin Vlisco ce daga Holan, wata ta Uniwax daga Abijan. A lokacin, yawancinsu jirgin ruwa ne ya sauke su a Kwatano, manyan motoci suka ɗauko su suka haura arewa sama da kilomita ɗari bakwai, suka hau gadar Malanbil suka sauka Gaya, daga nan Doso, daga Doso Yamai. Kuma ba duka ke tsayawa a Nijar ba. Shekara da shekaru wani babban kaso yana bi ta Kwanni da Maraɗi ya tsallaka iyaka, ta hanyar da hukuma ta sani da wadda ba ta sani ba, ya ƙare a Kantin Kwari na Kano.

Nan jikina ya yi sanyi a matsayina na Bakano. Barth da ya zauna a Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Wato a da, daga wajenmu zane yake fitowa ya nufo yamma, ya ratsa ƙasar da Yamai take yanzu. Yau akalar ta juya. Masaƙun Bompai da Sharaɗa da Calawa, da na Kakuri a Kaduna, yawancinsu sun yi shiru, karofin Ƙofar Mata kuma ya fi ganin masu ɗaukar hoto a kan masu sari.

Wannan ya sa na sake kallon Kurmi da wani ido. Abin da ya gina ta hanyar Sahara ce da hanyar Gwanja. Ayarin raƙuma yana saukowa daga Tarabulus ta Gat da Agadas da alharini da takarda da tsakiya da takubba, Buzaye suna kawo gishirin Bilma, fatake suna dawowa daga Salaga da goro a kan jakuna, su kuma su fita da baƙin yadi da jima da kanwa. Akwai Sarkin Kasuwa, akwai dillalai da la'adarsu, akwai fatoma mai saukar da baƙo ya ajiye masa kaya ya tsaya masa a ciniki. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya zo a 1824, ya yaba tsarin kasuwar ƙwarai. (Masu kewar zamanin da su riƙa tunawa cewa cikin hajar da ake bajewa a Kurmi har da 'yan Adam, bayi maza da mata da yara. Ba duk abin da ya tsufa ne abin alfahari ba.) Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Kayan da raƙumi yake yi wa watanni a rairayi suka koma zuwa daga Ikko cikin kwanaki. Gyaɗa ta zama sarauniya, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka karkata gare ta, cinikin ya fice daga cikin ganuwa ya nufi bakin tasha. Babu wanda ya rushe Kurmi. Tana nan inda Rumfa ya ajiye ta, da dukawanta da masu turare da sirdi da tasoshi da littattafan addini, wuri mai daɗin yawo. Amma babban kuɗi ya koma Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau.

Babbar Kasuwar Yamai kuwa wuta ta cinye ta ƙurmus a 1982. Aka watsa 'yan kasuwa zuwa wasu filaye na wucin gadi, aka shekara biyar ana jira, sannan gwamnatin Seyni Kunce ta buɗe sabon gini a farkon 1987, a shekarar da shi kansa ya rasu. A 2009 wuta ta sake tashi ta ci shaguna masu yawa. Ƙaramar Kasuwa, Habu Ganda, ta ƙone a 2012, aka yi shekara da shekaru ba a sake gina ta ba, masu tumatir da kifi da kayan miya suka bazu wasu unguwanni suka ci gaba da harkarsu. Mu ma mun san irin wannan dare: Sabon Garin Kano a 2016, babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021. Asara ce mai karya mutum, akwai waɗanda ba su sake tashi ba har suka koma ga Allah. Amma kasuwar ita kanta tana dawowa, saboda washegarin gobara motar da ta taso daga Kwatano tana kan hanya, dole a sauke ta a wani wuri.

Na tambayi dattijon yadda mutum yake farfaɗowa bayan shagonsa ya zama toka. Amsarsa gajeriya ce: wanda ya saba biya, ana sake ba shi. Babban ɗan kasuwa yana ba ƙarami kaya ya sayar ya kawo kuɗi, shi ma babban wani ne ya ba shi a Kwatano ko Lome ko Dubai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sau da yawa babu takarda, sai shaidar maigida da sanin asali: ɗan gidan wane ne, daga Tawa ko Madawa ko Maraɗi, wane ne ya kawo shi kasuwa yana yaro yana ɗaukar kaya. Wannan shi ne aikin fatoma na da, ya canja riga kawai. A nan ne na ga tsufan Babbar Kasuwa, tsufan da ya wuce na katangarta da ɗaruruwan shekaru. Ba na cewa babu macuta. Akwai su, kuma tsarin yana da nasa zalunci, domin yaron da ba shi da maigida ko yana da basira zai daɗe a bakin ƙofa da baro. Sai dai shi ne tsarin da ya riƙe mutane lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan waje suka ninka kuɗi cikin dare ɗaya.

Abin da ya fi gobara girgiza kasuwar ya zo ne ba tare da hayaƙi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS, wadda a can ake ce wa CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin. Motoci suka yi dogon layi a Malanbil, kaya suna lalacewa a rana, shinkafa da mai da magani suka yi tsada a Yamai. Mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale tsakanin Malanbil da Gaya. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe gadar a ɓangarenta. Sai kaya suka koma sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, hanya mai tsawo da haɗari saboda 'yan bindiga. Motoci ba sa tafiya ɗai-ɗai. Sai sun taru da yawa, a jira rakiyar sojoji, a tashi tare a sauka tare. Wanda ya san labarin madugu da jagaba, da yadda fatake suke zaman jiran ayari ya cika kafin su shiga dajin da ake fashi, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kowane kwana na jira kuma a kan farashin turmin atamfa da buhun shinkafa yake sauka, mai saye a Habu Bene shi ke biya.

Tsohuwar hanyar arewa ba ta mutu sarai ba. Idan ka zaga, musamman ka gangara kasuwar Katako, za ka ga kantun gishiri da kanwa da dabino da cuku da takalman Agadas. Albasar Galmi tana sauka kudu har Akara da Abijan, kilishin Nijar kuma ba ya buƙatar talla a wajen Bakano. Sai dai waɗannan a gefe suke. Tsakiyar kasuwa ta kayan teku ce, ga ƙasar ba ta da teku, kowace ƙofa tata a hannun maƙwabci take.

Shi ya sa hirar 'yan kasuwar Yamai ba ta rabuwa da zancen hanya, kuma sun fi ɗan jarida sanin halin da kowace iyaka take ciki a safiyar yau. Sun ga an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, an yi bikinsa a 2016, ba a kai shi ya haɗu da na Benin a Paraku ba, bai kuma ɗauko musu ko ƙunshi ɗaya ba. Saboda haka da na kawo zancen dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai bi ta Katsina da Jibiya, dattijon bai nuna zumuɗi ba. Lissafi ya shiga yi. Idan kwantena za ta iya tasowa daga Ikko ta sauka Maraɗi a kan dogo, to Maraɗi ce za ta riƙa ba Yamai kaya, 'yan Kwari kuma ba su da sauran dalilin jiran abin da ya zagayo ta Gaya. Ya ce yana da ɗa da ya gama makaranta, yana shawarar ya kama masa shago a Maraɗi tun kafin haya ta tashi, amma ba zai ba da ko dala ba sai ya ga jirgin da idonsa.