Bin Sawun Takardun Wani Dare a Bronx

Lahadi

Bayan la'asar ɗan ƙanwata ya zo da fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, ya ce in taya shi dubawa. Muna tafiya lafiya lau har muka iso tambayar ko an taɓa kama shi ko an gurfanar da shi. Sai ya ajiye biro, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, akwai maganar da ban taɓa gaya maka ba."

Shekara shida ke nan. Wani abokin aikinsa ya yi biki, shi kuma yaron ya sha abin da bai kamata ya sha ba, ya kuma hau mota. 'Yan sanda suka tare shi, ya busa na'ura, ya kwana a hannu. A kotu ya amsa ƙaramin laifi, ya biya tara, ya koma ɗakinsa ya yayyage duk takardar da aka ba shi don kada wani ya gani. Yanzu abokansa na ce masa ya rubuta "a'a", wai bayan shekara biyar abin ya goge. Na tambaye shi abu ɗaya: "An ɗauki hoton yatsunka a daren?" Ya ce an ɗauka. Na ce, "To ɗana, ba za ka rubuta a'a ba."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye masa ba. A 2022 kaɗai sama da mutum 13,000 suka mutu a hanyoyin Amurka a haɗurran da ke da direba mai giya a jiki. Allah ne ya tsare bai taka ɗan kowa ba. Na yi faɗan da zan yi, sannan na ce gobe mu fara nema.

Litinin

Mun fara da intanet, kamar kowa. Shafin kotunan jihar New York mai suna WebCrims bai nuna komai ba, har fuskarsa ta ɗan saki. Na ce kada ya yi saurin murna, shafin na shari'un da ke gudana ne, waɗanda ke da ranar zama a gaba. Wadda ta ƙare ba ta fitowa. Kamfanonin da ke tallar binciko tarihin kowa in ka ba su lambar katin banki kuwa, na hana shi taɓa su, domin jami'in shige da fice ba ya karɓar abin da suke bugowa.

Da dare na kira wani dattijo da ya daɗe yana tafinta a kotu. Shi ya warware mini zaren: dare ɗaya ne, amma labarinsa na ajiye a wuri uku, kuma kowanne da abin da ya riƙe. Kotu ta san tuhuma da hukunci. Hukumar lasin, DMV, ta san abin da aka yi wa lasinsa. Masu ajiyar hoton yatsu, na jiha da FBI, sun san kamun. Wanda ya samo ɗaya ya tsaya, bai ga abin da gwamnati ke gani ba.

Talata

Jirgi mai lamba 4 muka hau, muka sauka a tashar filin wasan Yankee, muka taka zuwa Kotun Laifuka ta Bronx a kan titi na 161. Tuƙi cikin maye ba ya zuwa ofishin tikitin hanya inda direbobinmu suka saba zuwa kan gudu ko jar wuta. Nan yake zuwa, kotun laifi, kuma a gundumar da aka yi shari'ar ake neman takardarta. Wanda aka kama a Queens sai ya nufi Queens.

A ƙofa aka sa mu cire bel, muka zuba makullai da waya a faranti. A bakin tagar magatakarda mutane na tsaye kowa da 'yar takardarsa a hannu, ba mai kallon wani. Abin da muke nema ita ce takardar shaidar yadda shari'a ta ƙare, mai hatimin kotu. Dala 10 ake biya, a nuna katin shaida mai hoto. Da yana da lambar shari'ar da abin ya zo da sauƙi, amma tana cikin abin da ya yaga, don haka sai da suna da ranar haihuwa da lokacin kamun.

A nan ne namu ke yawan tuntuɓe. Mutum ɗaya, fasfonsa na Nijar ya ce Mahamadou, lasinsa ya ce Mohamed, wata takardar ta sa sunan uba a gaba. Ga kuma ɗimbin waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Na sa shi ya rubuto duk yadda aka taɓa rubuta sunansa tun daga gida, kuma da ɗaya daga cikinsu aka gano fayil ɗin.

Takarda ce shafi guda. Ya karɓa hannunsa na rawa, ya miƙo mini. Na shafa hatimin da yatsa, na ji tudunsa. Muka zauna a benci muka karanta. Tuhumar farko DWI ce, wato giya a jini ta kai 0.08 cikin ɗari ko fiye, wadda laifi ce da ke shiga tarihin mutum. Abin da ya amsa a ƙarshe DWAI ne, sashe na 1192 sakin layi na 1 na dokar motoci da hanya ta jihar, wanda doka ta ɗauka a matsayin saɓa dokar hanya: tarar dala 300 zuwa 500, dakatar da lasin kwana 90, da yiwuwar ɗaurin da bai wuce kwana 15 ba. Shekara shida yaron nan yana ɗauke da abin a ransa bai san takamaiman me ya amsa ba. Wannan ya fi komai ba ni tausayi. Kunya ta hana shi tambaya, ta hana shi ko karanta takardarsa kafin ya yaga.

Muka karɓi kwafi biyu.

Laraba

Yau aikin waya ne. Ya shiga asusunsa na MyDMV ya sauko da tarihin tuƙinsa kan dala 7. A ofis ko ta gidan waya dala 10 ne. Iri-iri ne: akwai na yau da kullum, akwai na masu lasin manyan motoci, akwai na tsawon rayuwa. Na ce ya ɗauki na yau da kullum da na tsawon rayuwa duka.

Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ranar hukunci, ranar dakatarwa, ranar da aka mayar masa da lasin. A na yau da kullum DWAI na zama shekara 10 daga ranar hukunci, DWI shekara 15. A na tsawon rayuwa ba ya fita. Sai yanzu ya gane dalilin da inshorarsa ta yi tsada haka. Ya kuma tuna dala 250 da ya riƙa biyan DMV kowace shekara har shekara uku, ban da tarar kotu, da ajin mako bakwai na waɗanda aka kama da tuƙi cikin maye da ya riƙa zuwa a ɓoye yana ce mana ƙarin aiki ya samu.

Alhamis

Hoton yatsu. Domin ganin abin da hukumar jiha mai ajiyar tarihin laifuka, DCJS, ta riƙe, sai mutum ya je da kansa a ɗauki yatsunsa. Ba a nema wa wani. Akwai zaɓi biyu, wanda aka ɓoye abin da kotu ta rufe da wanda ba a ɓoye komai ba. Na biyun muka nema. Na FBI kuma dala 18 ne, ban da kuɗin ɗaukar yatsun. Akwai wani binciken da hukumar kula da kotunan jiha ke yi da suna da ranar haihuwa kan dala 95, wanda masu ɗaukar aiki ke amfani da shi, amma sai suna ya dace harafi da harafi, kuma ba ya maye gurbin takarda mai hatimi. Muka bar shi.

A hanyar dawowa ya ce, "Kawu, Inna za ta ji?" Na ce ba daga bakina ba.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na tsaya ina kallon samarinmu suna komawa motocinsu, masu tasi, masu Uber, masu kai kaya. Rabin abincin unguwar nan daga sitiyari yake fitowa. Na san ba ɗan ƙanwata kaɗai ba ne. Maganar giya a wurinmu abu ne da ba a furtawa, shi ya sa wanda ya faɗa ciki ba ya zuwa wurin babba, sai wurin sa'ansa wanda bai fi shi sani ba, ya ba shi shawarar da za ta kai shi ya baro. Da yawansu ba su san cewa tun 2009, ƙarƙashin dokar Leandra, tuƙi cikin maye da yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa a mota laifi ne mafi girma tun karon farko ba. Ba su san cewa ƙin gwajin da ake yi bayan kamu na jawo ƙwace lasin aƙalla shekara guda, ko da kotu ta sallami mutum daga baya ba. Ga mai lasin babbar mota kuma iyakar 0.04 ce.

Ina ganin limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu ya kamata su buɗe ƙofar da yaro zai iya shiga da irin wannan maganar. A yi masa faɗa, ya cancanta, amma a raka shi wurin lauya.

Talata

Mako ya zagayo, sakamakon FBI ya iso ta intanet. Kamun na nan, da kwanan wata da komai. Da ya rubuta "a'a", abin da jami'in shige da fice zai riƙe a hannunsa ke nan ranar ganawa da shi.

Muka kai wa lauyar shige da fice duk abin da muka tara. Ta jera takardun a tebur, ta gwada ranakun da juna, suka dace. Ta ce shekara biyar ɗin da abokansa ke faɗi lokaci ne da ake auna kyawun halin mai nema, uku ga wanda ke auren ɗan ƙasa, amma tambayar kamu ta shafi duk rayuwa, kuma jami'i na da ikon duba abin da ya gabaci shekara biyar ɗin. Ta ambaci hukuncin da Antoni Janar William Barr ya yanke a 2019, cewa hukunci biyu ko fiye na tuƙi cikin maye a cikin wannan lokaci na sa a ɗauka mutum ba shi da kyawun hali sai ya kawo hujja mai ƙarfi. Nasa ɗaya ne, kuma ya fita daga shekarun. Na tambaye ta game da sabuwar dokar jiha ta rufe tsofaffin hukunce-hukunce, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2024. Ta ce tana taimako wajen neman aiki da gidan haya, amma ba ta ɗaure gwamnatin tarayya, kuma ko an rufe fayil dole ya bayyana shi a fom.

Ta dube shi ta ce, "Ka sake sha ka tuƙa tun daga lokacin?" Ya ce ko kusa da giya bai sake zuwa ba. Ta ce ya koma ya nemo shaidar biyan tarar da ta kammala ajin, ya ajiye takarda mai hatimi ɗaya don ranar ganawa, kada kuma ya yi tafiya waje sai ta gama duba komai. A gabanta ya ɗauki biro ya cika gurbin "e". Gobe da safe zai koma titi na 161 neman shaidar biyan tarar, ya ce wannan karon zai iya zuwa shi kaɗai.