Robar Gefen Gilashi: Abin da Jiran Kayan Gyara Ya Koya Mini

A gefen hagu da dama na gilashin gaban motoci da yawa akwai wata doguwar baƙar roba da ke rufe ginshiƙin da ya tallafi rufin motar. Ba ta da aiki a inji, ba ruwanta da birki, kuma yawancin direbobi za su sayi mota su sayar ba su taɓa kallonta da niyya ba. Ni ma ban san da zamanta ba sai da tawa ta fara damuna. A jihar Ohio ta Amurka nake zaune, motar kuma ta hannu ce na saya. Sunan kamfanin da ya ƙera ta zan bar shi a cikina, kuma ba ya cikin waɗanda zan ambata a nan. Ga abin da na tsinta a watannin da na yi ina jiran a sauya mini wannan roba.

1. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da fito abin ya fara. Muddin na hau babbar hanya na taka mota, sai in ji wani siririn sauti daga gefen dama, in na rage gudu ya ɗauke. Maganin da na fara yi masa shi ne ƙara muryar rediyo. Daga baya na ɗora wa taga laifi, na yi ta zuge gilashi ina sake rufewa. Uwargida ce ta fara cewa, "Baban yara, motar nan fa magana take yi maka." Na ce mata iska ce kawai, da irin muryar da namiji ke yi idan bai san abu ba amma ba ya so a gane. Sai ranar da nake kankare ƙanƙara a gilashi hannuna ya taɓa robar, ta ɗago sama ba tare da na ja ta ba. Ashe ba ƙusa ke riƙe da ita ba, wasu 'yan maƙalan roba ne jere a bayanta. Zafin bazara ya gasa su, sanyin hunturu ya busar da su, wasu sun karye, wasu kuma mai yiwuwa tun farko ba su shiga raminsu da kyau ba. Wani bakanike ya gaya mini cewa sauya gilashin gaba ma kan jawo haka, domin sai an ɓalle robar kafin a cire gilashin, kuma ba kowane ma'aikaci ke damuwa ya sa sababbin maƙalai ba. Na danna ta da tafin hannu, ta koma ta zauna, na ce shi ke nan.

2. Haɗarin ba naka ba ne, na wanda ke bayanka ne.

Wannan shi ne darasin da ya fi ci mini rai, kuma shi na fi jinkirin ganewa. Duk lissafina a kaina yake tsayawa: idan ta faɗi me zan rasa? Mota ta ɗan yi muni, ruwa ya ɗan taɓa ƙarfe, ba wani abu ba. Ban taɓa tambayar kaina inda za ta faɗa ba.

Wata safiya ina kan hanyar zuwa aiki fiton ya rikiɗe ya zama kaɗawa, sai na ji ɓas, sai tsit. Na kalli madubi na ga baƙin abu yana juyi a iska, na ga motar da ke bayana ta kauce da sauri ta kusa shiga layin wata babbar mota. Allah Ya kiyaye, babu abin da ya faru. Direban bai san ni ba, ban san shi ba, ya wuce yana danna mini oda, kuma yana da gaskiya. Da babur ne a bayana, da labarin ya sha bamban. Na isa ofis hannuna yana rawa, abin da ke yawo a kaina shi ne na san robar nan tana motsi, na kuma zaɓi in danna ta da tafin hannu in ci gaba da harkokina. Da wani ya ji rauni, hakkinsa ba a wuyan kamfani kaɗai zai rataya ba.

Daga baya na ga wani bincike da gidauniyar AAA ta fitar a 2016, wanda ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2014 tarkacen da ke kan hanyoyin Amurka ya shiga cikin haɗurra fiye da 200,000, mutum sama da 500 suka rasu, kuma kusan kashi biyu cikin uku na haɗurran daga abubuwan da suka faɗo daga motoci ne. Shi ya sa hukumar kiyaye lafiyar hanyoyi ta ƙasar, NHTSA, ba ta ɗaukar robar ado a matsayin ado kawai. A watan Janairun 2024 kamfanin Ford ya yi wa motocin Explorer kusan miliyan 1.9, ƙirar 2011 zuwa 2019, kiranye, wato ya nemi a maido da su a gyara, saboda irin wannan roba ta gefen gilashi. A watan Maris na 2025 kuma Tesla ya kira Cybertruck fiye da 46,000, kusan duk wadda ya sayar zuwa lokacin, saboda wani dogon sililin ƙarfe da aka manna da gam a gefen rufi yana iya ɓallewa ana cikin tafiya. Mai tsada da mai araha, duk iska ɗaya ke dukansu.

3. Wasiƙar kiranye amsa laifi ce, ba gyara ba.

Da wasiƙar kamfanin motata ta iso, murna na yi kamar an biya ni bashi. Ga shi a rubuce, laifin ba nawa ba ne, kuma gyara kyauta. Ban karanta sakin layi na biyu da kyau ba sai da na kira garejin dilan kamfanin, wata mata ta karanta mini shi a waya cikin ladabi: kayan gyara ba su samu ba tukuna, za a aiko da wasiƙa ta biyu idan sun iso.

Dokar Amurka ta tsaurara wajen sanarwa. Idan kamfani ya tabbatar da wani lahani mai haɗari, kwana biyar na aiki gare shi ya sanar da hukuma, kwana 60 kuma ya sanar da masu motocin, ko da bai shirya gyaran ba. Gyaran kyauta ne ga motar da ba ta wuce shekara 15 ba. Amma takarda ta fi roba saurin bugawa. Ka ɗauki misalin Explorer: kamfanin ya ƙiyasta kashi 5 cikin ɗari ne kawai ke da matsalar, amma kashi 5 na miliyan 1.9 ya kai mota 95,000, kowace da gefe biyu, kuma an riga an daina ƙera wannan samfurin. Sai an koma wurin masana'antar da ke zuba robar, wadda injinanta ke kan aikin sababbin motoci, a sake tsara maƙalan don kada a maimaita kuskuren, a gwada, a zuba, a rarraba wa dubban gareji. Babu wanda ke ajiye irin wannan adadi a sito yana jiran rana.

Da na fara ƙorafi a wurin aiki, wani abokin aikina dattijo ya tuna mini da Takata. Jakunkunan iskar da kamfanin nan na Japan ya ƙera, kusan miliyan 67 aka kira a Amurka kaɗai, saboda sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima, har jakar ta fashe ta watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. Mutane sun mutu. Kayan gyara sun yi ƙaranci har sai da hukuma ta tsara layi, aka fara da tsofaffin motoci a wurare masu zafi da laima irin su Florida, wasu suka jira shekaru. Kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Dattijon ya ce shi ya yi ta tuƙa mota yana kallon sitiyarinsa da tsoro. Na yi shiru da zancen robata, na wannan yinin dai.

4. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Saura gefe ɗaya, shi ma ya fara motsi. Na kalli bidiyo a YouTube, na sayo gam mai ƙarfi da baƙin salatif, na yi aikin da na yi alfahari da shi har na kira yara su gani. Wankin mota na farko ya tafi da rabin salatif ɗin, ragowar ya narke a rana ya bar danƙo a fenti. Gam ɗin kuma ya kama inda bai kamata ba. Da na kai motar gareji, bakaniken ya daɗe yana kallon aikina bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko wani ne ya yi mini. Na ce eh, wani ne. Ya ɓalle robar gaba ɗaya ya miƙo mini, ya ce in yi yawo haka har kaya su zo, tunda abin da ba ya jikin mota ba zai faɗo wa kowa ba. Aikin bai ɗauke shi minti biyar ba, kuma tun ranar farko zai yi mini shi da na tambaya.

5. Haƙurin da ba a rubuta sunansa a layi ba, zaman banza ne.

An ce mini "za mu kira ka," ni kuma na ɗauki maganar da nauyin da muke ba alkawari a gida. Na zauna ina jira, ina yaba wa kaina da haƙuri. Kaka ta wuce, hunturu ya shigo. Da na gaji na kira, sai aka duba kwamfuta aka ce ba a ga sunana a cikin masu jiran kaya ba. Wanda na yi magana da shi da farko ya bar aiki, kuma ba a buɗe mini takardar oda ba. Duk watannin nan ba a layi nake ba, a gefen layi nake tsaye.

A ranar na ɗaga murya a kan yarinyar da ta ɗauki waya, wadda ba ita ta ƙera robar ba, ba ita ta manta da sunana ba. Har yanzu ina jin kunyar abin. Ita ce kuma ta koya mini yadda ake yi: ka sa a buɗe maka oda da lambar shasin motarka, ka karɓi lambar odar ka rubuta, ka riƙa kira lokaci-lokaci, kuma ka tambayi wasu dilolin, domin kowane dilan kamfanin zai iya yin gyaran kiranye, ba sai wanda ya sayar da motar ba. Ta ce in adana duk rasit, saboda wanda ya biya kuɗin gyara kafin a sanar da kiranye yana iya neman a mayar masa. Ta kuma ce kada in sa rai da motar aro, dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani ya bayar ba, alheri ne in ya ga dama. Wani ƙaramin gareji a wani gari da ke nesa da mu kaɗan ne ya fara samun kayan. Ashe a birni masu jira sun fi yawa.

Akwai kuma abin da na raina a da, wato kai ƙorafi ga hukuma a shafinta na intanet. Na ɗauka rijiya ce ake jefa takarda. Amma irin waɗannan koke-koken na mutane ɗaiɗai ne suka taru har hukumar ta buɗe bincike a kan robar Explorer a 2023, shekara guda kafin kiranyen. Ni da tawa ta tashi a kan hanya ban gaya wa kowa ba sai uwargida, ita ma don ta ga gurbin ne.

6. Mota tana ƙetare teku, wasiƙarta ba ta bin ta.

Ina ba ƙanena labarin nan a waya, yana Kano, sai ya yi ta dariya. Ya ce, "Yaya, wata nawa a kan roba? Ka turo ta nan, a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin la'asar an ɗaure maka ita da sukurori biyu." Gaskiyarsa, kuma na ɗan ji kishi. Amma dariyarsa ta sa na tuna cewa motarsa ma daga Amurka ta fito, ta sauka a Kwatano kafin ta iso hannunsa. Kamfanoni suna samun adireshin masu mota ne daga rajistar jihohin Amurka. Da zarar mota ta hau jirgin ruwa ta fita daga wannan rajista, wasiƙa sai ta tafi gidan wanda ya rabu da ita tuntuni, ko ta rasa inda za ta. Dokar tarayya ta hana dila sayar da sabuwar mota da ke da kiranyen da ba a gyara ba, ta hana manyan kamfanonin haya ba da ita, amma ba ta hana sayar da ta hannu ba. Don haka motoci da yawa suna isa Legas da Kwatano da lahaninsu a jiki, mai saye kuma fenti da sanyin esi yake dubawa.

Na sa ya karanto mini lambar shasin, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, na shigar a shafin NHTSA, inda kowa zai iya dubawa kyauta daga ko'ina. Kiranye biyu suka fito da ba a gyara ba. Ɗaya na robar bakin ƙofa ne. Ɗayan na jakar iska ne ta gefen fasinja, kujerar da matarsa ke zama da jaririya a cinya. Dariyar ta tsaya.

Robar na saya masa da kuɗina, tunda gyaran kyauta sai an kai motar garejin dila a nan, kuma ina neman mai tafiya gida da zai yarda ya sa abu mai tsawon hannu a akwatinsa. Jakar iskar kuwa ba a ɗaukarta a kayan fasinjan jirgi, domin tana cikin kaya masu haɗari. Na ce ya je wurin wakilin kamfanin motar a Najeriya da lambar shasin ya ji ko za su karɓi motar da ba ta hannunsu ta shigo ba, kafin nan kuma mai ɗakinsa ta koma kujerar baya. Ya ce wannan na biyun ya fi na farkon wuya, amma zai gwada.