Godiya ga Baba Mai Faci na Hanyar Kazaure

Na san ba ka karanta boko, amma jikanka da ya riƙe mana tocila ran nan ya yi alkawarin karanta maka.

Mu ne mutum bakwai ɗin nan da muka taso daga Kano a kan kekuna a hutun ƙarshen shekara, wai sai mun je Daura mun ga rijiyar Kusugu. Da asuba muka fito, muka wuce Dawanau kafin motocin hatsi su cika hanya. Har Dambatta lafiya lau. Daga nan ne wayo ya yi mana yawa: muka bar kwalta muka bi burtali, don mu ratsa gonakin da aka girbe, mu sha fura a rugar Fulani. Furar kam mun sha. Abin da ɗan birni bai sani ba shi ne burtali na kofato ne, ƙayar aduwa kuwa ba ruwanta da tsadar taya.

Taya huɗu suka sace. Ni kuma sarƙar kekena ta tsinke. Haka muka iso gindin darbejiyarka muna turi, rana ta yi ja, sanyin hunturu ya fara shiga ƙashi, kai kuma ka riga ka ɗaure kayan aikinka a buhu.

Ka kwance buhun. Ba ka tambaye mu ko 'ya'yan wane ne mu ba.

Har yanzu ina ganin hannunka cikin kwanon ruwan nan, kana juya tub a hankali kana jiran kumfa. Ka kankare wurin, ka shafa sholisho, ka hana ɗayanmu mai gaggawa liƙawa, ka ce a bari ya sha iska tukuna. Da ka zo kan nawa, ka daɗe kana kallon giyoyinsa, ka yi dariya ka ce wannan keken 'yan gayu ne, ba zai ɗauki buhun gero kamar tsohon Raleigh ɗinka ba. Duk da haka, da ƙusa da guduma ka cire gaɓar da ta lalace ka haɗe sarƙar, ka gargaɗe ni kada in ɗora ta a babbar giya tunda ta gajarce.

Kuɗin sholisho kaɗai ka karɓa, shi ma sai da muka yi ta magiya. Bayan Isha ka kai mu wurin mai gari, aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure, aka hura mana wuta da karan dawa. A gaida Inna da ta ciyar da mu. Tuwon dawarta da miyar kuka, da man shanun da ta zuba ba ƙyashi, ya hana mu hira. Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya zuri'a.

Washegari mun wuce duwatsun Kazaure, mun isa Daura da la'asar, mun leƙa rijiyar da aka ce Bayajidda ya kashe macijiya a ciki. Sarƙar nan har yau ita ce a jikin keken.

Na ba wani direba a tasha saƙo: famfo sabo, gwangwanin sholisho 6, da tabarau, don na lura kana matse ido wajen neman huji. Don Allah, Baba, kada ka maido.