Katin Suna na Kwali

A garinmu Tambuwal, in an tambayi dattijo shekarunsa, yakan ce an haife shi zamanin Sarkin Musulmi Abubakar, alhali kuwa sarautar nan ta kai shekara 50, daga 1938 zuwa 1988. Saboda haka duk jaririn da aka haifa a gidanmu nakan yi masa kati. Nakan yanka kwalin sukari, in haɗa tawadar gawayi da ƙaro, in fiƙe alƙalamin gamba. Da liman ya raɗa suna, sai in rubuta shi da ranar haihuwa, da boko da ajami, in zana ɗan rago a gefe. Mai jego ta adana a adaka. Goro da nama sukan ƙare, amma kwalin nan yana nan har ran da makaranta za ta tambayi shekarun yaro.